Kamfanonin da ke hukunta kowa, su wa ke hukunta su?

Malam Isiyaku:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana yi mini yawo a rai, yau na ce bari in ajiye ta a nan mu tattauna.

Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke a lokaci guda, kusan awa shida. Duk wanda ya tuna ranar ya san yadda aka yi cirko-cirko: mai ciniki ya rasa abokin cinikinsa, mai ɗa a nesa ya rasa hanyar jin muryarsa. Kuskure ɗaya ne a na'urorin kamfani ɗaya. Tun ranar nake tambayar kaina, ta yaya hanyar maganar mutane sama da biliyan 3 ta koma hannun kamfani guda, shi kuma kamfanin a hannun mutum guda? Mark Zuckerberg ba shi da ko rabin jarin Meta, kamfanin da ya mallaki manhajojin nan uku, amma irin hannun jarin da yake riƙe da shi kowane ɗaya ƙuri'a goma yake ɗauka, don haka ƙuri'unsa sun rinjayi na sauran masu jari gaba ɗayansu. Ba mai iya tsige shi. Shugaban ƙasa yana da wa'adi, alƙali yana da na gaba da shi, ɗan majalisa dole ya koma gaban masu zaɓe. Shi wannan fa?

Kuma ba dare ɗaya aka wayi gari a haka ba. Instagram sayen sa aka yi a 2012 kan dala biliyan 1, WhatsApp kuma a 2014 kan dala biliyan 19. Tambayata ita ce: idan irin waɗannan kamfanoni suka yi ɓarna, wa ke tuhumarsu, kuma tuhumar tana yi musu ciwo kuwa?

Sadiq:
Wa'alaikumus salam Malam. Da girmamawa, ni ina ganin ana cika musu zafi. Ba wanda aka sa wa wuƙa a wuya ya buɗe shafi. Kyauta suke ba mu, wanda bai ji daɗi ba ya goge manhajar ya huta. Kuma ai ana hukunta su, kusan kowace shekara sai mun ji an ci wani tarar biliyoyi.

Injiniya Kabiru:
Sadiq ƙanena, bari in fara da maganar kyauta. Kusan duk kuɗin shigar Meta daga talla yake zuwa. Abin da suke sayar wa mai talla idonka ne da lokacinka, da kuma sanin da suka yi maka: shekarunka, inda kake kwana, abin da ke tsayar da yatsanka in kana jan allo. Muna biya, ba da kuɗi ba ne kawai.

Sai batun tara. A 2018 aka bankaɗo cewa kamfanin Cambridge Analytica ya kwashi bayanan mutanen da Facebook da kansa ya ce za su iya kai miliyan 87, akasarinsu ba su taɓa ba da izini ba, abokansu ne kawai suka amsa wasu tambayoyi a wata manhaja. A 2019 hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta ci Facebook tarar dala biliyan 5. A kunne abin da girma. To amma a wannan shekarar kuɗin shigar kamfanin ya kai dala biliyan 70, wato tarar ba ta kai abin da yake samu a wata ɗaya ba. Ranar da labarin adadin ya fita, farashin hannun jarinsa hawa ya yi. Masu jari sun fahimci abin da mu ba mu fahimta ba: wannan ba hukunci ba ne, kuɗin gudanar da sana'a ne.

Sadiq:
Na ji wannan, Yaya Kabiru. Amma ƙofar fita a buɗe take.

Injiniya Kabiru:
Ka fita ka je ina, alhali danginka da abokan aikinka da masu sayen kayanka duk suna can? Amfanin dandalin sada zumunta shi ne mutanen da ke cikinsa, ba za ka iya ɗaukar su ka tafi da su ba. Ka dubi Google ma. A shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da su, an bayyana a gaban kotu cewa a 2021 kaɗai sun biya sama da dala biliyan 26 ga masu ƙera waya da masu manhajar shiga intanet, don kawai ya zamana Google ne wurin binciken da za ka tarar a saite. Idan da gaske zaɓin mutane ne ya ba su kasuwa, me ya kai su biyan wannan maƙudan kuɗi? A Agustan 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke cewa sun yi babakere ba bisa ƙa'ida ba.

Barista Hauwa:
Malam Isiyaku, sannu da kawo wannan batu. Ina so in ja mu zuwa inda nake ganin tushen matsalar yake ta fuskar doka.

A 1996 Amurka ta yi wata doka mai sashe na 230. A taƙaice sashen ya ce ba za a ɗauki mai dandalin intanet a matsayin wanda ya wallafa abin da wani ya rubuta a kansa ba. A lokacin akwai hikima a ciki. Dandali a wancan zamani kamar bango yake, kowa ya zo ya liƙa takardarsa, na ƙarshe ya hau kan na farko. Ba adalci ba ne a kama mai bango da laifin abin da wani ya liƙa da tsakar dare.

Amma yau ba bango ba ne. Akwai inji a ciki da ke zaɓar abin da kowane mutum zai gani, ya ɗaga wannan ya binne wancan. Wannan ba mai bango ba ne, mai shela ne da ya duba takardu dubu, ya zaɓi guda ɗaya, ya shiga gida-gida yana karanta ta da ƙarfi. Kuma da wane ma'auni yake zaɓa? Da abin da zai riƙe mutum a kan allo. Takardun da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fitar a 2021 sun nuna akwai lokacin da injin ke ba alamar motsin rai, har da ta fushi, nauyi ninki biyar na alamar so ta yau da kullum. Daga baya sun rage, bayan masu bincikensu na cikin gida sun nuna cewa rubutun da ke jawo fushi ya fi zuwa da ƙarya da ƙiyayya. To ni matsayina shi ne: abin da mutum ya rubuta nasa ne, amma abin da injin kamfani ya zaɓa ya yaɗa wa miliyoyi, kamfanin yana da hannu a ciki. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Malam Isiyaku:
Barista, wannan bambanci da kika kawo ya warware mini abin da na kasa faɗa. Miyanmar ce ke zuwa mini a rai. A can, ga mutane da yawa Facebook shi ne intanet ɗin gaba ɗaya. Shekaru aka yi ana zuba ƙiyayya a kan 'yan Rohingya a dandalin, 'yan rajin kare haƙƙi suna ta yi wa kamfanin gargaɗi. Binciken Reuters ya nuna a farkon 2015 mutum biyu ne kacal masu jin harshen Bama ke duba irin waɗannan rubuce-rubuce. A 2017 sojoji suka far wa mutanen nan, sama da 700,000 suka tsere zuwa Bangaladesh. Masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce kafar ta taka muhimmiyar rawa wajen rura wutar. A Nuwamban 2018 kamfanin ya amsa cewa bai yi abin da ya kamata ba. Ya amsa, sai me? Wa ya tsaya gaban alƙali? Sojoji ne suka yi kisa, ban ɗauke musu laifinsu ba ko kaɗan. Amma wanda ya shiga ƙasa ya kwashi kasuwarta ba tare da ya ɗauki masu jin harshenta ba, shi ma yana da tambayar da zai amsa.

Maman Zainab:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba masaniyar doka ba ce. Abin da ya same ni zan faɗa. Shekara huɗu na yi ina gina shafi a wani dandali, ina koyar da mata abin da na sani, da shi nake rufa wa kaina asiri. Wata safiya na tashi na ga an rufe shi, wai na karya ƙa'ida. Wace ƙa'ida? Wane rubutu? Ba a faɗa ba. Na danna wurin neman a sake dubawa, cikin minti kaɗan amsa ta dawo cewa hukuncin yana nan. Na san ba ɗan Adam ne ya karanta ba. Na yi kuka ranar, ba don shafin kaɗai ba, don babu ƙofar da zan ƙwanƙwasa. Ko ɓarawo aka kama ana gaya masa abin da ya sata.

A daidai lokacin kuma akwai wani shafi da ke zagin wata baiwar Allah da sunanta da hotonta, mun kai rahoto mu fi ashirin, amsar da aka ba mu ita ce bai saɓa wa ƙa'ida ba.

Injiniya Kabiru:
Allah ya mayar miki da alheri, Maman Zainab. Abubuwan biyu da kika faɗa tushensu ɗaya. Injin tacewa ya fi ƙwarewa a Turanci, a sauran harsuna yana cire abin da bai kamata ba, yana barin abin da ya kamata ya cire. A cikin takardun Haugen an ga cewa kashi 87 cikin ɗari na abin da aka ware don gano labaran ƙarya Amurka ya tafi, sauran duniya ta raba kashi 13, alhali mafi yawan masu amfani da dandalin ba a Amurka suke ba. Ko Larabci, da yawan masu jinsa, bai tsira ba. A Mayun 2021 Instagram ya riƙa cire rubuce-rubuce masu ɗauke da sunan Masallacin Al-Aƙsa, saboda tsarinsu ya rikita sunan da na wata ƙungiya da ke cikin jerin waɗanda suka haramta. Suka ce kuskure ne. A 2022 binciken da su da kansu suka sa wani kamfani ya yi ya tabbatar an tauye wa Falasɗinawa 'yancin magana a wancan lokaci.

Alhaji Tanko:
Ni duk wannan doguwar magana ce. Gwamnati ita ke da bulala. Ku dubi Birazil: a ƙarshen Agustan 2024 alƙalin kotun ƙoli Alexandre de Moraes ya rufe X, wato tsohon Twitter, a ƙasar baki ɗaya saboda sun ƙi bin umarnin kotu, sun ƙi naɗa wakili. Mai kamfanin, Elon Musk, ya yi ta kumfar baki, amma kafin tsakiyar Oktoba ya biya tara, ya naɗa wakili, aka buɗe. Haka ake yi da mai taurin kai.

Barista Hauwa:
Ranka ya daɗe Alhaji, a nan zan ɗan saɓa maka. Bulalar tana aiki, gaskiya ne, amma a hannun wa? A Yunin 2021 Twitter ya goge wani rubutu na Shugaba Muhammadu Buhari, bayan kwana biyu gwamnatin Najeriya ta dakatar da dandalin, aka yi wata bakwai a rufe. A 2022 kotun ECOWAS ta ce dakatarwar ta saɓa wa doka. A Janairun 2021 Yuganda ta toshe Facebook ana gab da zaɓe, bayan kamfanin ya cire wasu shafuka masu alaƙa da gwamnati. A Indiya, lokacin zanga-zangar manoma a farkon 2021, gwamnati ta umarci Twitter ya toshe ɗaruruwan shafuka, har da na 'yan jarida, ta kuma yi wa ma'aikatansa barazanar ɗauri. A duk waɗannan wa ya cutu? Talaka mai magana, ba mai kamfani ba. Idan muka ƙwace wuƙar daga hannun attajiri muka miƙa wa mai mulki ba tare da sharaɗi ba, an ba kura ajiyar nama.

Alhaji Tanko:
To Barista, kamfani ba ya yi, gwamnati ba ta yi, sai wa?

Sadiq:
Tambayar Alhaji ita ce tawa. Kuma ina da ƙari. Kuna cewa sun ƙi cire mugun abu, kuna kuma cewa sun cika cirewa. Lokacin da Twitter ya kori Donald Trump ranar 8 ga Janairun 2021, bayan harin da aka kai majalisar dokokin Amurka, mutane da yawa sun yi tafi. Ba wannan ne ɗaukar alhakin da kuke nema ba?

Malam Isiyaku:
Sadiq, ɗana, ka taɓo ainihin wurin. Ka ajiye ra'ayinka a kan Trump gefe guda. Angela Merkel, shugabar gwamnatin Jamus ta wancan lokaci, ba ƙawarsa ba ce, amma a lokacin ta bakin kakakinta ta ce korar tana da matsala, domin iyakance 'yancin magana aikin doka ne, ba na shugabannin kamfani ba. Sai ka dubi abin da ya biyo baya. A Oktoban 2022 Musk ya sayi Twitter kan dala biliyan 44, ya sallami kusan rabin ma'aikata cikin kwanaki, a Nuwamba ya yi ƙuri'ar jin ra'ayi a shafinsa ya dawo da Trump. Ba wata doka da ta canza, ba wata kotu da ta zauna. Mai gida ne ya canza. A Janairun 2025, saura kwanaki a rantsar da Trump karo na biyu, Zuckerberg ya sanar da daina aiki da masu tantance gaskiyar labarai a Amurka, shirin da shi da kansa ya kafa a ƙarshen 2016. Ko korar daidai ce ko kuskure, ko dawowar daidai ce ko kuskure, abin da ke tayar mini da hankali shi ne duka biyun ganin dama ne. Mutumin da zai iya rufe bakin shugaban Amurka da safe, me zai hana shi rufe na Maman Zainab?

Barista Hauwa:
Alhaji, amsar tambayarka a wurina ita ce doka rubutacciya da kotu mai zaman kanta, wadda za ta ɗaure kamfani ta kuma ɗaure gwamnati. Ba minista ya ɗaga waya ya ce a cire ba.

Tarayyar Turai ta gwada wani abu a dokarta ta ayyukan intanet da ta fara aiki kan manyan dandali a 2023. Ba ta lissafa wa kamfani ra'ayoyin da zai cire ba. Ta ce idan ka cire wa mutum rubutu ko ka rufe masa shafi, dole ka gaya masa dalili, dole ya samu hanyar ɗaukaka ƙara, har zuwa wata hukuma da ba taka ba. Dandalin da ke da masu amfani miliyan 45 zuwa sama a Turai dole ya bari a binciki tsarinsa duk shekara, ya buɗe wa masu bincike bayanai, ya ba mutum zaɓin ganin abubuwa ba tare da an bi diddigin halayensa ba. Tarar kuma tana iya kai kashi 6 cikin ɗari na cinikin kamfani a duniya. Da Maman Zainab a can take zaune, da tana da ƙofar ƙwanƙwasawa.

Amma abin da ya fi ba ni ƙwarin gwiwa a Kenya yake faruwa. Masu tace rubuce-rubucen Facebook a Nairobi, waɗanda wani kamfanin kwangila mai suna Sama ya ɗauka, su ne ke wuni suna kallon bidiyon yanka da fyaɗe da cin zarafin yara don kada mu gani, a harsuna irin su Amharik da Oromo da Suwahili. Mujallar Time ta ruwaito a 2022 cewa wasunsu dala ɗaya da rabi ake biyansu a awa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sama da 180 daga cikinsu suka kai ƙara a 2023. Hujjar Meta ta farko ita ce kotun Kenya ba ta da hurumi a kansa, tunda ba a can yake da rajista ba. Kotu ta ƙi, kotun ɗaukaka ƙara ma ta ƙi a 2024. Akwai kuma ƙarar ɗan wani farfesa na Jami'ar Bahir Dar a Habasha, wanda aka harbe a ƙofar gidansa a Nuwamban 2021 bayan an yi ta yaɗa hotonsa da inda yake zaune a Facebook ana yi masa ƙazafi. Ɗan ya ce ya yi ta kai rahoto, ba a cire ba sai bayan an kashe mahaifinsa, ihu bayan hari. A 2025 babbar kotun Kenya ta ce tana da hurumin sauraron wannan ma. Ba a kai ƙarshe ba tukuna, amma katangar nan ta "ba a nan muke ba" ta fara tsagewa.

Sadiq:
Anti Barista, na yarda da batun bayyana dalili da ɗaukaka ƙara, wannan ko ni ba zan yi musu ba. Inda nake da shakka shi ne ƙarfi. Turai tana da mutum miliyan 450 masu kuɗin saye, ba kamfanin da zai bar wannan kasuwa. Ƙaramar ƙasa fa? Ostireliya ta kawo dokar biyan kafafen labarai a 2021, Facebook ya toshe labarai a ƙasar na kwanaki, har shafukan hukumomin lafiya da na agajin gaggawa suka shiga ciki, sai da aka yi wa dokar gyara. Kanada ta yi irinta a 2023, Meta ya cire labarai gaba ɗaya, ana tsakiyar gobarar daji mutane na neman bayani. Waɗannan masu arziki ke nan.

Injiniya Kabiru:
Ba ka yi ƙarya ba. Ko a Najeriya, hukumar kare masu sayayya ta ci Meta tarar dala miliyan 220 a 2024 kan yadda yake sarrafa bayanan mutane, a 2025 kamfanin ya rubuta a takardun kotu cewa zai iya rufe Facebook da Instagram a ƙasar. Barazana ce da suke yi wa ƙasa ɗaya-ɗaya, don sun san kowace ita kaɗai take tsaye. Ƙasashen Turai 27 ba su fi kowa wayo ba, haɗuwa suka yi suka yi doka ɗaya. Tarayyar Afirka tana da mambobi 55 da yarjejeniyar Malabo kan tsaron intanet da kare bayanai tun 2014, amma sai 2023 ta fara aiki, saboda ƙasashe 15 da ake buƙata su tabbatar da ita a hukumance sai da aka shekara tara kafin su cika.

Maman Zainab:
Barista, tambaya ɗaya. Waɗancan ma'aikatan na Nairobi da ɗan farfesan, su wa suka tsaya musu har ƙararsu ta kai nan? Don na san mutum ɗaya ba zai iya biyan lauyan da zai ja da irin wannan kamfani ba.

Barista Hauwa:
Ƙungiyoyi ne masu zaman kansu, 'yar'uwa. Akwai Foxglove da ke Landan, wadda ta mara wa ƙararrakin biyu baya tare da lauyoyin Kenya, a ƙarar Habasha kuma cibiyar Katiba ta Nairobi tana cikin masu ƙara. Abin da ya taimaka musu shi ne shaida: hoton allo na rubutun, ranar da aka kai rahoto, da amsar da kamfani ya bayar. Idan saƙonnin rufe shafinki da na neman sake dubawa suna nan, kada ki goge su. Ki turo mini su ta akwatin sirri in duba abin da dokar kare bayanai ta inda kike ta ba ki damar nema.